Daga Bauchi zuwa Pindiga: Neman Tsohon Teku a Ƙarƙashin Ƙasar Gombe

A makon ƙarshe na watan Disamba, makarantu na hutu kuma hunturu ya kankama, ɗan ƙanwata da ke karatun digiri na biyu a fannin ilimin duwatsu ya roƙe ni in raka shi Gombe ɗibar samfurin laka domin bincikensa. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a Bauchi, kuma na daɗe ina gaya wa ɗalibai cewa teku ya taɓa malale wani yanki na Arewa maso Gabas, amma ban taɓa ɗora idona a kan shaidar hakan ba, a littafi kawai nake karantawa. Abin ya daɗe yana damuna, domin yaro yana gane malamin da ya ga abu da wanda ya ji labarinsa. Saboda haka da ya ce, "Kawu, ka zo mu je ka ga tekun da hannunka," ban yi wata-wata ba na amsa.

Mun isa tasha bayan sallar asuba, muka karya da masa da miyar taushe a wurin wata dattijuwa da ke suya a bakin ƙofa, sannan muka biya naira 6,000 kowannenmu a ƙaramar mota mai zuwa Gombe, tafiyar kimanin kilomita 150. Kayan aikinsa ba su da yawa: guduma mai baki biyu, kurfi, igiyar awo, jakunkunan leda, alƙalamin da ba ya gogewa, da wani ɗan madubin hannu mai ƙara girman abu sau goma.

Tun daga fitarmu gari, ɗan ƙanwata ya fara karanta mini ƙasa kamar allo. Duwatsun da suka kewaye Bauchi, waɗanda muka tashi muna hawa tun muna yara, daga narkakken dutse suka daskare a can cikin ƙasa shekaru kusan miliyan 600 da suka wuce, don haka ko za a farfasa su duka ba za a sami burbushin wata halitta a ciki ba. Akwai ma wani nau'in dutse da masana suka raɗa wa sunan garinmu, suna kiransa baucayit. Mun haye gadar kogin Gongola a Dindima, inda hanyar Yankari ta rabu, ruwan ya ja baya ya bar yashi fari fat. Da muka doshi Alkaleri sai manyan duwatsun suka ƙare, ƙasa ta miƙe ta zama ja mai rairayi, ya ce daga nan mun hau kan shimfiɗaɗɗun duwatsun da ruwa ya tara hawa-hawa, kuma a irinsu ne ake samun tarihi a rubuce.

Mun wuce shingayen jami'an tsaro da dama, yawancinsu ɗaga hannu kawai aka yi. A ɗaya ne aka sauke mu, domin jami'in ya ga guduma da kurfi da tarin ledoji, ya ce, "Malam, ma'adinai kuke haƙa?" Ban ga laifinsa ba, ganin yadda haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba ta jawo fitina a wurare da yawa. Yaron ya miƙa masa takardar jami'a da katin shaidarsa, ya bayyana cewa laka muke nema, ba zinariya ba. Jami'in ya karanta takardar har ƙarshe, ya mayar, ya yi mana fatan sauka lafiya. Mun shiga Gombe kafin azahar, muka kama ɗaki mai gado biyu a wani ƙaramin masauki kan naira 12,000 a kwana, muka yi sauran yinin wajen gaida malamin da zai ba mu aron ɗakin gwaji.

Washegari da sassafe muka nufi Pindiga, a ƙaramar hukumar Akko, ta hanyar da ke zuwa Kashere. Wannan gari yana da sarauta da tarihinsa, amma akwai wata daraja da yake da ita wadda ban tabbata yawancin mazaunansa sun san girmanta ba: duk masanin duwatsu a duniya da ya karanci kwarin Binuwai ya san sunan Pindiga, domin da sunan garin ake kiran wani kaurin shimfiɗar laka da dutsen farar ƙasa da ya taru a gindin teku. Daga garin muka ɗauki 'yan acaɓa biyu kan naira 1,500 kowanne zuwa wani ƙauye da ke bakin rafi. Ba mu taɓa ƙasa ba sai da muka je muka faɗi gaban Jauro muka yi gaisuwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga Bauchi, mun zo neman izini mu ɗebi laka a rafinku domin karatu." Ya yi mana maraba, aka kawo fura da nono a ƙwarya, ya haɗa mu da wani jikansa ya yi mana jagora.

Rafin ya ƙafe, sai ɗan ruwa a kwarmi inda shanu ke sha. Gaɓarsa ta fi tsayin mutum uku, kuma ruwan damina ya yanke ta kamar da wuƙa, har ana ganin hawa-hawan ƙasar a jere. Yawancinta baƙar laka ce mai ruwan toka wadda ta daskare, idan ka ɓantare ta sai ta rabu falle-falle kamar tsohon littafi. A tsakankaninta akwai siraran layukan dutse mai tauri, masu launin ƙasa-ƙasa, sannan nan da can ƙyallin wani ma'adini mai suna jipsam yana walƙiya cikin rana kamar fasasshen gilashi. Ban yi taku ashirin ba yaron da ke mana jagora ya sunkuya ya ɗauko wani dutse ya sa mini a tafin hannu. Nannaɗaɗɗe ne kamar ƙahon rago, da layuka a jikinsa a tsare, girmansa ya kai bakin kofin shayi. Ya ce suna da yawa bayan damina, da su suke wasa. Wannan shi ne amonayit, ɓawon wata dabbar teku mai hannuwa da yawa, wadda ta ƙare a duniya shekaru miliyan 66 da suka wuce, kuma ba ta taɓa rayuwa a kogi ko tafki ba, sai a ruwan gishiri. Na tsaya ina jujjuya shi, ƙurar hunturu na kaɗawa, ga karan dawa a tsaye a gona bisa kanmu, ga bakin teku mafi kusa yana can ɗaruruwan kilomitoci a kudu. Jikina ya yi sanyi, na yi tasbihi.

Wani dattijo da ya kawo shanunsa shan ruwa ya tsaya yana kallonmu, ya ce shi a saninsa waɗannan duwatsun ragowar ruwan Ɗufana ne. Ɗan ƙanwata ya rusuna ya ce, "Baba, ikon Allah ne duka, amma awon da masana suka yi ya nuna wannan ruwan ya riga ɗan Adam zuwa duniya da nisa ƙwarai." Ya bayyana masa cewa lokacin da nahiyar Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage ta lotsa a inda kogin Binuwai yake a yau. Daga baya, shekaru kimanin miliyan 95 zuwa 90 da suka wuce, duniya ta yi zafi, babu tulin ƙanƙara a ƙuryoyinta irin na yanzu, ruwan teku ya cika ya tumbatsa ya biyo wannan kwari, har ya haɗu da wani tekun da ya gangaro daga arewa ta cikin Sahara. Dattijon ya saurara da kyau, ya ce Allah mai iko, ya kora shanunsa.

Ni hankalina na kan amonayit, amma shi ɗan ƙanwata ko kallonsa bai cika yi ba, baƙar lakar yake so. Ya fara daga gindin gaɓa, domin abin da ke ƙasa shi ya riga taruwa, ya kankare fuskar da rana da ruwa suka cinye har ya kai ga sabuwar laka mai danshi, ya ɗebi cikin tafi biyu ya zuba a leda, ya rubuta lamba da tsayin wurin, ya auna rabin mita ya sake. Aikina shi ne riƙe igiyar awo da rubutu a littafi. Mun ɗauki samfuri 14 kafin la'asar, leɓunanmu sun tsattsage, ruwan shanmu ya ƙare. Na tambaye shi abin da yake gani a lakar da ni ban gani ba, ya ce, "Kawu, amonayit ɗaya zai gaya maka teku ne, amma wannan ledar za ta gaya maka zurfinsa, da gishirinsa, da ko akwai iskar shaƙa a gindinsa." A hanyar komowa tayar babur ɗaya ta yi faci, muka taka kusan kilomita biyu da kaya a ka, muka isa Gombe bayan isha. Duk da gajiya sai da ya farfasa samfuri uku ya jiƙa su a ruwa da maganin da ke sassauta laka kafin mu kwanta.

Kwana na uku muka yi arewa, ta Malam Sidi zuwa Bajoga, domin in ga yankin Ashaka. Kamfanin simintin da ke can an kafa shi a 1974, ya fara aiki a 1979, kuma dutsen farar ƙasar da yake ƙonawa a gindin wannan tekun ya taru, daga ɓawon halittun da suka mutu suka kwanta. Na tuna cewa da simintin Ashaka mahaifinmu ya yi wa gidanmu daɓe. Ba mu daɗe ba, muka ci tuwon masara da miyar kuka a Bajoga kan naira 1,000, muka juyo.

Kwana na huɗu shi ne zuciyar tafiyar, kuma a ɗaki ɗaya muka yi shi. Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji, mace mai natsuwa da kowa ke kira Malama, ta karɓi lakar da ta kwana biyu a jiƙe ta zuba a wata rariya ta ƙarfe mai ido ƙanana ƙwarai, mikiron 63, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ta sakar mata ruwa a hankali tana motsawa da yatsu, baƙin ruwa na zuba, ta ce mini aikin bai bambanta da regen shinkafa ba, sai dai a nan tsakuwar ake so. Daga laka cikin tafi biyu, abin da ya rage bai cika cokalin shayi ba. Ta busar da shi, ta barbaɗa kaɗan a wani baƙin faranti mai layuka, ta sa a ƙarƙashin madubin maikuroskop. A daidai lokacin wuta ta ɗauke, sai muka matsar da teburin bakin taga muka ƙara da fitilar waya.

Da ido, gari ne kawai kamar dusa. Da na leƙa madubin, sai ga shi kowace ƙwaya gini ce mai tsari. Wata tana da ɗakuna kumbura-kumbura a jere biyu, suna ƙara girma daga ƙasa zuwa sama kamar kitson da aka fara siriri aka ƙare da kauri. Wata kuma ɗakunanta sun nannaɗe kamar katantanwa. Akwai wasu masu kaushi, waɗanda aka gina da ƙwayoyin yashi manne da juna yadda zanzaro ke gina ɗakinsa. Waɗannan su ne foraminifera, halittu masu ƙwayar rai guda ɗaya tak, waɗanda yawancinsu ba su kai ƙwayar gero ba, kuma wani Bafaranshe mai suna Alcide d'Orbigny ne ya fara tsara su a 1826. Malama ta jiƙa bakin wani siririn buroshi ta ɗauko guda ɗaya ta ajiye a gefe, hannunta ko rawa bai yi ba. Ta ce a ƙa'ida ana tsince kimanin 300 daga kowane samfuri kafin a yarda da lissafi.

Malamin sashen, wanda muke kira Dakta, ya zauna ya bayyana mini yadda ake karanta su. Wasu nau'o'in suna yawo ne a saman ruwa, wasu kuma suna zaune a gindi cikin laka. Idan masu yawo suka rinjaya, ruwan mai zurfi ne kuma a buɗe yake ga babban teku. Idan mazauna gindi suka fi yawa, wurin kusa da gaɓa ne. Idan masu ginin yashi kaɗai suka rage, to ruwan ya gauraya da na kogi ko kuma yanayin gindin ya yi tsanani. Mai kama da kitson nan, wadda ake kira Heterohelix, tana jure ruwa marar zurfi mai ƙarancin iskar oksijin, kuma tana da yawa a lakar kwarin Binuwai, abin da ya dace da baƙin launin lakar kanta, domin inda iska ta yi ƙaranci matattun halittu ba sa ruɓewa sarai. Ya ce shekaru kimanin miliyan 94 da suka wuce an yi wani zamani da gindin tekuna da yawa a duniya ya rasa oksijin, kuma lakar Pindiga ta wannan zamanin ce. Ya ambaci Farfesa Sunday Petters, ɗan Nijeriya da ya yi aiki mai yawa a kan waɗannan halittu na kwarin Binuwai, ya ce a kan harsashinsa suke gini.

Na tambaye shi ko za a iya sanin zafin ruwan daga abin da muka ɗebo. Amsarsa ta ƙara mini yarda da ilimin, domin bai cika baki ba. Ya ce ɓawon da ya yi shekaru miliyoyi a tudu, ruwan sama na ratsa shi, sau da yawa sinadarinsa ya sauya, don haka awon zafi ya fi inganci a lakar da aka haƙo daga gindin tekun yanzu, inda take taruwa a natse, santimita kaɗan a cikin shekara 1,000, ba mai taɓa ta. Jirage na musamman ne ke zura bututu su ciro ta kamar dogon rake. Jirgin Glomar Challenger ya yi wannan aiki daga 1968 zuwa 1983, sannan JOIDES Resolution ya karɓa daga 1985 zuwa 2024, kuma ana ajiye abin da suka haƙo a manyan rumbuna masu sanyi a Bremen ta Jamus, da Texas ta Amurka, da Kochi ta Japan.

Sirrin awon yana cikin oksijin da halittar ta gina ɓawonta da shi. Akwai marar nauyi mai lamba 16, akwai mai nauyi mai lamba 18. Idan ruwa ya yi sanyi, ɓawon yakan ɗauki mai nauyin fiye da kima. Harold Urey ne ya nuna tushen wannan a 1947, sannan Cesare Emiliani ya gwada shi a kan foraminifera na gindin teku a 1955, ya gano cewa duniya ta shiga zamanin ƙanƙara ta fita sau da yawa fiye da yadda ake zato. A 1967 Nicholas Shackleton ya nuna cewa babban kaso na wannan alama daga yawan ƙanƙara yake: marar nauyin ya fi saurin tashi cikin tururi, idan ya sauka ya daskare a tudu bai komo ba, sai tekun ya rage da mai nauyi. A 1976 shi da James Hays da John Imbrie suka auna lakar kudancin tekun Indiya, suka ga sanyi da zafi suna juyawa a kan zango na shekaru kimanin 100,000 da 41,000 da 23,000, daidai da sauye-sauyen yadda duniya ke karkata da kewaya rana. A ƙololuwar sanyi na ƙarshe, shekaru kimanin 21,000 da suka wuce, ruwan teku ya yi ƙasa da na yau da kusan mita 120.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne da Dakta ya kawo zancen gida. Ya ce ƙurar hunturun nan da ke tsattsaga mana leɓe, iska na kwasarta har cikin tekun Atlantika, ta kwanta tare da waɗannan ɓawo. A lakar da aka haƙo daura da gaɓar Muritaniya an ga ƙurar ta ragu sosai daga kimanin shekaru 14,800 zuwa 5,500 da suka wuce, sannan ta dawo da ƙarfi. A wancan tsakanin Sahara kore ce, da ciyawa da tafkuna, kuma tafkin Chadi ya ninka na yau sau da yawa. Nan take na tuna tsohon kwalekwalen da aka gano a 1987 a ƙauyen Dufuna, wanda ke jihar Yobe a yau, wanda aka ƙiyasta shekarunsa da kimanin 8,000. Na sha koyar da labarin kwalekwalen shi kaɗai, ban taɓa sanin cewa akwai laka a gindin teku, dubban kilomitoci daga Yobe, da ke ba da shaida a kan ruwan da aka tuƙa shi a kai ba. A ganina wannan ya kamata ya shiga darasin kowane ɗalibi a Arewa, domin wanda ke jin ana zancen kwararowar hamada da ƙafewar tafkin Chadi yana da haƙƙin sanin yadda ake auna abin da ya faru kafin a fara rubuta tarihi.

Mun bar Gombe washegari da hantsi. Da muka iso Alkaleri yaron ya nuna mini kudu, wajen Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, inda aka ƙaddamar da aikin haƙar mai a watan Nuwamban 2022. Ya ce masu haƙar mai ma da waɗannan ƙananan ɓawo suke gane shekarun shimfiɗar da bututunsu ya kai, domin bakin injin yana niƙe amonayit amma ƙwayar da ba ta kai gero ba tana fitowa lafiya, kuma yana fatan samun aiki ta wannan hanya idan ya kammala. Na lissafa abin da na kashe a kwana biyar, mota da masauki da abinci, ya tasam ma naira 60,000.

Na shiga gida bayan magariba da amonayit ɗin nan a naɗe cikin takarda, da wata 'yar kwalba da Malama ta zuba mini rabin cokali na wankakken garin Pindiga. Makarantarmu tana da maikuroskop guda biyu a kabad, na riga na goge su na gwada, ɗaya yana nuna ɗakunan ɓawon sarai idan aka haska daga sama. Na kuma rubuta wa shugaban makaranta takardar neman izinin kai 'yan aji biyar rafin a watan Maris, kafin ruwan farko ya sauka ya cika shi, kuma Jauro ya riga ya ce mu zo.